Me ke sa direbobinmu gudu a kan Hanyar Haɗin Kai?

Masu saurare, duk fadar da ka zauna kwanakin nan hira ɗaya ce: AES, CEDEAO, wace iyaka ta buɗe, wace ke rufe. Ƴan uwanmu da ke Abijan, Akara da Libiya su ma abin da suke tambayarmu ke nan in sun kira. Amma saƙonnin ta'aziyya da muke karantawa a nan gidan rediyo, da dama daga cikinsu daga bakin kwalta suke zuwa. Shi ya sa yau munka ce bari mu dubi wanga tuƙin ganganci da ake yi a kan babbar hanya lamba 1, wadda ta bi ta Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, har Difa da Gigimi.

Mu fara da ita kanta hanyar. Layi ɗaya ne na tafiya, ɗaya na dawowa, ba shinge a tsakani. A kanta gingimari mai ɗauke da siminti ke tafiya, da bas ta kamfani, da ƙaramar bas ta tasha, da ɗan kabu-kabu, da amalanken shanu, da yaro mai koro awaki. Kowa da saurinshi. Wanda ya fi sauri dole ya wuce na gabanshi, kuma ba inda zai bi ya wuce sai layin masu zuwa.

A nan lissafin yake, kuma direbobi da yawa ba su taɓa zama sun yi shi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita wajen 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. A ce direba na bin tirela mai gudun 70, yana son ya wuce ta. Tsakanin fitowarshi daga bayanta, da bin tsawonta, da komawa layinshi, zai ɗauki daƙiƙa bakwai ko takwas. Cikin wannan ɗan lokaci ya ci mita fiye da 200. Motar da ke tahowa daga gaba ita ma ta ci nata 200. Ke nan sai ya ga fili na mita sama da 400, kusan rabin kilomita, kafin ya ce zai fita. To a kan kwana, ko a hawan tudu, ko cikin hazon hunturu, ina zai ga wannan filin? Sai ya fita da "Allah ya kiyaye", yana haska fitila yana danna oda, wai na gaba ya sauka gefe. In na gaban babur ne, ya sauka cikin rairayi. In gingimari ce, sai dai labari.

Birki ma haka. A gudun 50, daga lokacin da ido ya ga yaro zuwa tsayawar mota, mita talatin na iya isa. A gudun 100 kuwa ana buƙatar kusan tamanin, a kan busasshiyar kwalta, da taya mai kyau. Dalili shi ne in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke ci ninka huɗu yake yi. Ka ƙara lodi a saman mota, buhunan albasa da babur da raguna, ka ƙara taya ƴar gwanjo da ta sha zafin watan Afrilu, nisan ya ƙaru.

Ribar gudun fa? Maraɗi zuwa Damagaram kilomita ne wajen 235. Mai tafiya a 90 zai yi awa biyu da minti arba'in ba kaɗan. Mai 110 zai riga shi da abin da bai kai rabin awa ba, shi ma a takarda. A zahiri ga Cadawa, ga Agye, ga Gazawa, ga Tasawa da Takeita, ga peyaji, ga shingen jandarma. Ni kaina na taɓa shiga wata bas da ta yi ta tsere da wata tun daga fitar gari, fasinja na salati. A shingen farko munka tsaya, sai ga waccan ta faka bayanmu, direbobin na yi wa juna dariya.

Ban ce direba mugu ne ba. Da yawansu motar ba tasu ba ce. Mai mota ya yanka mishi kuɗin da zai kawo, ga mai, ga ɗan kamasho, ga abin da ake bari a shingaye, sai abin da ya rage ya kai gida. Wanda ya riga isa bakin kasuwa shi ke kwashe fasinja. Wanda ya samu sawu biyu a yini ya fi mai sawu ɗaya. Daga nan ake samun rashin barci, wasu kuma su koma ga tramadol da shayi mai kauri don ido ya tsaya. Ido na tsayawa, amma hankali ya riga ya tafi.

Siyasar da muke gardama a kai ma ta taɓa kwalta. Tun da aka rufe iyakar Benin a Gaya a 2023, kaya masu yawa daga tashar jirgin ruwa ta Lome suke zuwa, ta Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar sojoji. Direban da ya yi makonni yana jiran ayari, in ya samu hanya so yake ya rama kwanakin da ya ɓata. Kuma in manyan motoci sun jero uku ko huɗu, mai ƙaramar mota sai ya ce zai wuce su duka a fita ɗaya. Wancan lissafi na mita 400 sai ya koma kilomita guda ko fiye.

Mu ma fasinja muna da namu kason. Mu ne ke cewa "wannan direban ba ya da zafi", mu yaba wanda ya kai mu da wuri. In wani ya ce a rage gudu, sai a ce mishi ai ajali in ya zo ba makawa. Gaskiya ne ajali na Allah ne, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ka saki jaririnka a bakin rijiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a nahiyarmu ce ta fi shan wahala, alhali mu ne ke da ƙarancin motoci.

Ga mutanen ƙauyukan bakin hanya, wurin da ya fi haɗari shi ne ranar kasuwa da kuma tsakanin la'asar sakaliya zuwa isha'i, lokacin da amalanke ke komawa gida ba fitila. Ɗan ƙyalle mai ƙyalli ko tocila da aka ɗaure a bayan amalanke na sa direba ya hango ta tun da nisa. Yara masu tallar ruwa da ƙwai kada su tsallaka ta gaban bas da ta tsaya, don mai wucewa ba ya ganinsu. Ƴan uwa na waje da ke aiko kuɗin babur, ku haɗa da na kaske, ku kuma tambaya ko ana sa shi.

In haɗari ya faru, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a sa alama nesa da wurin ta ɓangarorin biyu don kada wata motar ta zo ta ƙara. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi da ƙarfi ko a zaunar da shi, sai in wuta ce ke shirin tashi.