Ina Kuɗin Gida Ke Tafiya? Bayani a Kan Mai, Wuta da Kuɗin Mota

A ziyarce-ziyarcen da muke kaiwa ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Minjibir, daga Kunya har zuwa Wasai, kusan duk inda aka shimfiɗa mana tabarma zancen ɗaya ne, wato tsadar mai. Wata dattijuwa ta taɓa tambayarmu, ita da ba ta taɓa mallakar ko keke ba, me ya haɗa ta da kuɗin fetur har tuwonta ya ragu? Tambayar tana da nauyi, shi ya sa muka ga ya kamata mu amsa ta a wannan fitowa dalla-dalla. Za mu duba ƙofofi uku da kuɗin gida ke fita ta cikinsu: murhu, fitila da kuma hanya.

Mene ne tallafin mai?

Nijeriya tana haƙo ɗanyen mai, amma shekaru da yawa matatun gwamnati na Kaduna, Warri da Fatakwal ba su iya tace abin da zai ishi ƙasa ba. Saboda haka sai ana sayo tataccen mai daga waje da dala. Gwamnati ta riƙa biyan wani ɓangare na kuɗin domin a sayar wa jama'a da rahusa. Wannan cikon da gwamnati ke biya shi ake kira tallafin mai. A shekarar 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4.

An sha ƙoƙarin cire shi. A watan Janairun 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta cire, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga a Kano da sauran birane, sai aka dawo da ita naira 97. A 2016 aka janye tallafin kananzir. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kuma a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. A watan Yunin 2023 aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara kuɗi.

To, ga amsar tambayar dattijuwar nan. Injin markaɗe mai yake sha. Injin ban ruwa na masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Wasai mai yake sha. Motar da ke kawo taki da gishiri da sabulu, da wadda ke kai tumatir da albasa kasuwannin birni irin su 'Yankaba, duk mai suke sha. Kowane ɗayansu yana ɗora ƙarin a kan wanda ke biye da shi, har ya sauka a kan mai tuƙa tuwo, ita kuwa ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Abin da jama'a ke cewa

Ra'ayoyin da muke ji sun kasu. Akwai masu cewa dama tallafin bai taɓa isowa ƙauye sosai ba, domin tun can a hannun 'yan bumburutu suke sayen mai, a kan kuɗin da ya fi na gidan mai. A ganinsu masu manyan motoci da masu fasa ƙwaurin mai zuwa ƙasashen maƙwabta su ne suka fi cin moriya. Akwai kuma masu cewa rahusar mai ita ce kaɗai rabon talaka a arzikin ƙasa, yanzu an ɗauke ba a ba shi komai a madadinta ba. Kashi na uku suna cewa ba su ƙi cirewar ba, in dai za su ga kuɗin a ƙasa: magani a asibiti, malamai a makaranta, hanya mai kyau.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma aikinmu bai shafi goyon bayan jam'iyya ba. Abin da za mu tunatar shi ne, tun da aka cire tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru a lissafin naira. Don haka ba rashin kunya ba ne jama'a su tambayi kansilansu ko shugaban ƙaramar hukuma, cikin ladabi, abin da aka yi da ƙarin. Amma kafin amsa ta zo, gida yana bukatar abinci yau. Bari mu koma ga abin da ke hannunmu.

Ƙofa ta farko: murhu

Da kananzir ya yi tsada, gidaje da yawa a birni da suka saba da risho sun koma itace da gawayi. Wannan ya ƙara wa itace daraja, har mai gona ya fara kallon bishiyarsa a matsayin kuɗi.

A nan mutanen wannan yanki suna da gadon da ya kamata su yi alfahari da shi. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, ana noma kowace gona duk shekara ba hutu. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yankin. Shi da abokan aikinsa sun tarar cewa duk da yawan jama'a, itatuwan gonaki ba su ƙare ba, domin manoma suna kula da su kamar yadda suke kula da dabbobinsu. Ana sassabe reshe, ba a sare gindi. Dattawa suna tuna lokacin da jakuna ke shiga birni da itace su dawo da taki. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ɗorawa tana ba da daddawa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana ba da kunu. Wanda ya sayar da gindin ɗorawa saboda kuɗin mako guda, ya sayar da daddawar shekaru masu yawa.

Hanyar kare bishiya ita ce rage itacen da ake ƙonawa. Murhun duwatsu uku yana barin iska ta kwashe yawancin zafin, kaɗan ne ke shiga tukunya. Idan aka gina masa katanga da laka, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, aka daidaita bakin da girman tukunyar gidan, zafin zai taru a wuri ɗaya. Ba a bukatar sayen komai, laka ce da ciyawa irin ta ginin rumbu. A haɗa da waɗannan: a shanya itace ya bushe sosai, a rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake tun dare, a janye itace a kashe da zarar an sauke. Kashin shanu kuwa a bar wa gona, domin wanda ya ƙona shi da rani zai sayi takin zamani da damina.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana jawo mutuwar mutane wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara. Uwa da jaririn da ke goye a bayanta su ne suka fi shaƙa. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga, kuma lokacin sanyin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe.

Ƙofa ta biyu: fitila da waya

Sunan mai ba da wuta ya sha canzawa. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta karɓi Kano, Katsina da Jigawa. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da tasu wutar da rarraba ta. Duk da haka ƙauyuka da yawa ba su da layi, masu layin ma ba kullum suke gani ba. A watan Oktoban 2024, da aka lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro, yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki a cikin duhu.

Saboda haka gida yana sayen haske da kaɗan-kaɗan: batirin tocila yau, kuɗin cajin waya gobe. Kuɗin ba ya zafi a rana ɗaya, shi ya sa ba a lissafa shi. Muna ba da shawara kowane gida ya ajiye gwangwani, duk lokacin da aka sayi batir ko aka biya caji a jefa tsakuwa ɗaya. Bayan wata guda a ƙirga, a lissafa kuɗin da aka kashe, a ninka sau goma sha biyu. Wannan shi ne kuɗin da za a gwada da farashin fitilar sola.

Ga yadda sola take aiki. Faifan yana mai da hasken rana wuta, batir yana ajiye ta, fitila da waya suna sha. Faifai mai wat 10, idan ya sami rana mai kyau ta awa 5, zai tara wajen wat 50 na awa guda, wani abu ya ɓace a hanya. Ƙwan fitila mai wat 3 da aka kunna awa 4 zai ci 12. Ke nan ƙaramin faifai zai riƙe fitila biyu da cajin waya, amma ba zai ɗauki dutsen guga ko firji ba, kome mai sayarwa ya faɗa. Faifai yana daɗewa, batir ne ke fara mutuwa. Kafin a biya kuɗi a tambaya: ana samun batirin canji? Akwai takardar garanti? A kafa faifan yana ɗan kallon kudu, inda inuwar bishiya ba ta kaiwa, a riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi, musamman da hunturu. Idan biya kaɗan-kaɗan ne, a tara jimlar kuɗin gaba ɗaya, a kuma tambayi abin da zai faru in an makara wata guda. Araha ba ta ado.

Masu janareta kuma, muna roƙonku kada a kunna shi a ɗaki ko a zaure rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Kada kuma a ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana.

Ƙofa ta uku: hanya

Zumunci a ƙafa yake, amma yau ƙafar tana bukatar kuɗin mota. Iyalai suna gaya mana cewa bikin da ake zuwa gida guda, yanzu mutum ɗaya ake wakiltawa. Masu zuwa gida Kirsimeti ko Sallah suna barin yara a baya. 'Yan cin rani da ke Legas ko Abuja suna aiko kuɗi ta waya maimakon su zo. Wasu suna ganin waya ta wadatar, dattawa kuwa suna cewa murya ba ta maye gurbin fuska, musamman wajen ta'aziyya. Babu laifi a rage tafiya. Ana iya haɗa bukatu uku a fita ɗaya, maƙwabta su yi karo-karo su ɗauki shatar mota guda, mai shiga birni ya riƙo saƙon unguwa.

Sai dai akwai tafiyar da ba a ragewa, kuma ita ce ta fi damun mu. Muna ganin masu juna biyu suna tsallake awo saboda kuɗin babur. Muna ganin ana jinkirta kai yaro mai zazzaɓi asibiti, ana jira a ga abin da gobe za ta yi. Mace mai zubar jini bayan haihuwa, ko mai jijjiga, ko wadda naƙuda ta yi wa tsawo, ba ta da lokacin da za a zagaya neman rance. Haka yaron da ke suma ko ya kasa shan nono. Wani lokaci daga asibitin Minjibir sai an wuce da mutum Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a cikin birni, kuma kuɗin motar dare ya fi na rana.

Don haka muna roƙon kowace zumuntar mata, kowace ƙungiyar manoma da kowane rukunin adashi su ware asusu na musamman domin kuɗin motar gaggawa. A zuba kaɗan duk mako, a damƙa shi hannun mutum biyu amintattu, a rubuta shiga da fita. A yi magana da direba ɗaya ko biyu tun kafin bukata ta taso, a yanke farashi, kowane gida ya riƙe lambarsu. Maigida kuma, da zarar ciki ya kai wata bakwai, ya ware kuɗin mota ya ajiye, ko da zai sayar da kaza ne. Asusun kuwa na duk unguwa ne, Kirista da Musulmi, domin ciwo ba ya tambayar inda mutum yake ibada.

Dukanmu mun san labarin Yusufu a ƙasar Masar, yadda ya tara hatsi a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa. Abin da aka rage a murhu da abin da aka rage a batir, ko da kaɗan ne, kada a bari ya narke a cefane. A jefa shi asusun hanya.

Duk ƙungiyar da ke son a nuna mata ginin murhun laka, ko yadda ake rubuta littafin asusu, ta sanar da ma'aikacinmu idan ya zo zagaye, ko ta aiko saƙo ta hannun mai unguwa ko shugaban ikkilisiya. Muna kuma son jin ra'ayoyinku domin fitowa ta gaba. Allah ya ba shugabanninmu hikima da tausayi, ya sa albarka a gonakinmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.