Tamburan dā: dukiyar da ke ɓoye cikin akwatunan Arewa

A gidajen tsofaffin fatake da ma'aikata na Dogondutsi da Tibiri, akwai akwatunan ƙarfe cike da wasiƙun zamanin Turawa. Sau da yawa magada kan ƙona su, ko su bar wa gara. Alhali kuwa ɗan tambur ɗin da ke manne a kan ambulan yana iya fin akwatin daraja.

Ƙasar Arewa tana bakin iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1898, suka kuma gyara a 1904 da 1906. Saboda haka tambur iri biyu suka ratsa hannun mutanenta.

Na Ingilishi shi ne ake kira kan sarki. An fara buga na Nijeriya ta Arewa a 1900 da hoton Sarauniya Biktoriya, sannan na Sarki Edward na 7 a 1902. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su a kan takarda mai ɓoyayyen tambari, wanda ake dannawa tun takardar tana ɗanya, don hana jabu. Tambarin shi ne hular sarauta da baƙaƙen CA. Da farko hula guda ce a kowane tambur. Daga 1904 zuwa 1905 aka koma takarda mai huluna barkatai. Tambura biyu sai su zo launi ɗaya, hoto ɗaya, amma kuɗinsu ya bambanta a wajen masu tarawa saboda wannan kaɗai. In kuwa ma'aikaci ya sa takardar a injin a birkice, tambarin ya fito kai ƙasa, to kuskurensa ya zama riba, domin irinsa ba shi da yawa.

Na Faransa galibi ba su da wannan tambari. Kuskurensu a fuska yake. A 1921 aka ɗauki tamburan Haut-Sénégal et Niger masu hoton mahayin raƙumi, aka buga TERRITOIRE DU NIGER a kansu, kafin a fito da na Nijar na kanta a 1926, masu hoton rijiya, kwalekwale da birnin sojan Damagaram. Abin dubawa a nan shi ne rubutun da aka ƙara: ya ninku, ya karkace, ko ya juye?

Gane tambarin ba wuya. A ɗaga tambur a hasken rana, ko a kifa shi a baƙin faranti a duba bayansa. Amma wanda ke manne, kada a ɓamɓare shi: hatimin gidan waya mai sunan gari da kwanan wata shi ne shaidar hanyar da wasiƙar ta bi, kuma sau da yawa ya fi tambur ɗin tsada. Kafin a sayar wa dillali, a nemi littafin farashi na Yvert ko na Stanley Gibbons, domin rashin sani ya fi dare duhu.