Awon Muƙamuƙi da Maƙogwaro Wajen Gano Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci

Mutane da yawa sun ɗauki minshari abin dariya, ko alamar gajiya kawai. Amma akwai minsharin da kan yanke farat ɗaya, mai barci ya yi shiru daƙiƙa 10 ko fiye, sa'an nan ya zabura yana shaƙar iska. Wannan ciwo ne, wanda Christian Guilleminault da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford ta Amurka suka fayyace a 1976. Dalilinsa shi ne naman maƙogwaro kan saki idan barci ya yi nauyi, har ya rufe hanyar iska. Mai shi kan wuni yana gyangyaɗi a ofis ko bisa sitiyari, kuma yakan gamu da hawan jini.

To, me ya sa maƙogwaron wani ke toshewa, na wani kuwa ba ya yi? Ƙiba na da hannu, shi ya sa ake fara auna kaurin wuya, kuma wuyan da ya wuce santimita 40 yakan sa likita ya yi shakka. Sai dai siriri ma yana kamuwa, idan ƙashin fuskarsa ya matse wa harshe wuri.

Nan ne awon ƙashi ya shigo. Tun 1931 Broadbent ya tsara yadda ake ɗaukar hoton ƙashin kai daga gefe, domin masu gyaran haƙora, kuma a 1983 Riley da abokansa suka juyo da dabarar ga wannan ciwo. Akan ja layi daga wani ɗan rami a tsakiyar ƙoƙon kai zuwa tushen karan hanci, daga nan a sauko da shi zuwa muƙamuƙi. Kusurwar muƙamuƙin sama takan kai digiri 82, ta ƙasa 80. In ta ƙasa ta gaza sosai, watau haɓa ta ja baya, to harshe ma ya ja baya tare da ita. Faɗin hanyar iska a bayan harshe wajen milimita 11 ne. Hanɗa, watau sashen nan mai taushi na bayan ganɗa wanda ɗaliban ilmin furuci suka sani wajen furta harafin k, tsawonta har ƙarshen beli kimanin milimita 37 ne. Akwai kuma ɗan ƙashin da ke riƙe tushen harshe, wanda bai haɗu da wani ƙashi ba. Tazararsa daga ƙasan muƙamuƙi wajen milimita 15 ce, kuma saukarsa ƙasa da haka na cikin alamun da aka fi samu ga masu ciwon.

Amma fa a yi hattara da waɗannan lambobi. A jikin Turawa aka fara samo su, kuma awon da aka yi wa 'yan Nijeriya ya nuna muƙamuƙansu sun ɗan fi turowa gaba, don haka ma'aunin wani bai zama na kowa ba. Har ila yau, ana ɗaukar hoton ne mutum na farke, kansa a miƙe, alhali ciwon a kwance yake zuwa. Saboda haka hukunci na hannun gwajin barci na dare, inda ake ƙidaya yawan ɗaukewar numfashi ko raguwarsa a awa guda: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Amfanin awon ƙashi shi ne nuna inda matsin yake, musamman idan ana shawarar yin tiyata don turo muƙamuƙi gaba.