Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Yadda Na Shiga Karatun Kwamfuta Ta Ƙofar Share Fage

Da wayar Innata na duba sakamakon jarrabawar JAMB, domin da lambarta na yi rajista. Saƙon ya shigo bayan la'asar: maki 178 cikin 400. Na karanta sau uku ko zai canja, bai canja ba. Tun ina aji uku a sakandare nake gaya wa kowa cewa kimiyyar kwamfuta zan karanta, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini "Injiniya". Ga shi makin bai kai inda sashen da na nema ya tsayar ba.

Da daddare Baba ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Ka ga ƙannenka biyar na tafe a bayanka. Shekara ɗaya zan iya ƙara ɗaukar nauyinka. In ta yi, alhamdulillahi. In ba ta yi ba, ga shago nan."

Shekara ɗayan nan a karatun share fage na kashe ta, kuma yau ina aji uku a jami'a, a sashen da na so. Na rubuta wannan ne don ƙannena da ke aji biyar da aji shida, domin lokacin da nake neman bayani a kan wannan hanya, sai da na sha yawo kafin na samu mai warware mini ita.

Share fage iri biyu ne

Mutane na cakuɗa abubuwa biyu da suna ɗaya, kuma cakuɗawar na jawo asarar kuɗi.

Na farko shi ne wanda ake kira rimidiyal. Jami'a ko kwaleji ce ke shirya shi don ta gyara wa ɗalibi raunin da ya taso da shi daga sakandare. Wanda ya ci, aji ɗaya zai shiga, kuma yawanci sai ya haɗa da jarrabawar JAMB ta wannan shekarar.

Na biyu shi ne karatun gaba da sakandare, wato IJMB ko JUPEB. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ke kula da jarrabawar IJMB tun shekarun 1970. Ita kuwa JUPEB gamayyar jami'o'i ce ta kafa ta ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas, ta soma aiki a 2014. A dukansu darussa uku kawai ake ɗauka, a yi zango biyu ana karanta su da zurfi, sannan a zauna jarrabawa. Wanda ya ci da kyau zai sayi fom ɗin DE a wurin JAMB, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye ba tare da sake rubuta UTME ba. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa a Jihar Katsina tana gudanar da rimidiyal da IJMB duka, haka ma wasu kwalejojin jihohi.

Ga yadda ake ƙirga maki: A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma babu komai. Wanda bai faɗi ko ɗaya ba ana ƙara masa maki ɗaya, saboda haka ƙololuwa ita ce 16. Ni na ɗauki Lissafi da Fizis da Kemistiri, na samu B da C da B. Jimla 11, da na ƙari ya zama 12.

Yanzu a yi lissafin shekaru. Wanda ya shiga ta UTME shekara huɗu zai yi. Wanda ya bi ta IJMB zai yi ɗaya a share fage, uku a jami'a, huɗu ke nan. A takarda dai kunnen doki ne. A zahiri kuwa jiran sakamako da saɓanin kalandar makarantu kan ci watanni. Ni sai da na zauna wata bakwai a gida ina taya Baba awo a shago kafin sunana ya fito.

Abin da shekarar ta gyara mini

Na taso da zaton karatun kwamfuta shi ne iya buga takarda da sauri, da gyaran waya, da sanin lungu da saƙo na intanet. Satin farko malaminmu na Lissafi ya tambaye mu su wane ne ke son karanta kwamfuta. Muka ɗaga hannu kusan mu ashirin. Ya ce: "To ku ne ba ku da hutu a ajina." Daga baya na gane abin da yake nufi.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. Lamba 13 a wurinta 1101 ce, wato takwas da huɗu da ɗaya. Hoto da murya da saƙon WhatsApp duk da waɗannan alamu biyu ake rubuta su. Aikin ɗalibin wannan fanni shi ne tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, ba kame-kame, yadda na'urar da ba ta da hankali za ta bi ta kai ga amsa. Wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kuma kalmar daga sunan Al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafin nan da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Kalmar aljebra ma daga sunan littafinsa aka samo ta.

Ga misali. A ce an ba ka littafi mai sunaye miliyan ɗaya, an jera su bisa haruffa, an ce ka nemo suna guda. In ka bi ɗaya-ɗaya, za ka iya duba miliyan ɗin kaf. Amma in ka buɗe tsakiya, ka ga ko sunan na gaba ko na baya, ka watsar da rabin da ba ya ciki, ka sake buɗe tsakiyar ragowar, ba za ka wuce dubawa 20 ba. Dalili kuwa, in ka ninka biyu sau 20 za ka samu 1,048,576. Ranar da aka koya mana wannan a aji biyu, sai na ga ashe logaridim ɗin da na yi ta haddacewa a sakandare ba tare da sanin amfaninsa ba, shi ne a gabana.

Gaskiyar magana, kiredit ɗin Lissafin da na fito da shi daga sakandare hadda ce ta ba ni shi. A share fage aka tilasta mini fahimta. Gwajin farko na kalkulas maki 9 na samu cikin 30. Na koma littafin aji huɗu na sakandare na faro daga tushe, kullum bayan asuba awa biyu. Da a ce na faɗa jami'a da wancan raunin, ina jin da tuni an sallamo ni.

Inda gizo ke saƙar

Kada in yi muku zaƙin baki. Hanyar na da ƙaya.

Na ɗaya, cin jarrabawar ba shi ne samun gurbi ba. Guraben DE ba su kai na UTME yawa ba, kuma da masu difloma da masu NCE ake takara. Ina da abokin da ya samu maki 8, bai samu kwamfuta ba, sai wani kwas aka ba shi.

Na biyu, wanda ya shiga aji biyu ya tsallake darasin gabatarwa na rubuta manhaja da ake yi a aji ɗaya. Ranar farko a ɗakin kwamfutoci, na kusa da ni ya gama aikinsa ya fita, ni ko inda ake rubutawa ban gano ba. Ga darussan bai-ɗaya na aji ɗaya da aka ɗora mana a kan namu. Zangon nan na rame. Abin da ya cece ni shi ne Python, yaren kwamfutar da Guido van Rossum ya fitar a 1991, wanda na ɗan taɓa a waya lokacin zaman shago ta manhajar Pydroid. Da na san haka abin yake, da na fi ba shi ƙarfi.

Na uku, 'yan damfara. Akwai masu kama shago su kafa allo su ce cibiyar IJMB ce, har da alkawarin maki 15 ba tare da wahala ba. JAMB na tantance sakamakon masu neman DE, kuma wanda aka kama da na jabu ya yi biyu babu: ba kuɗi, ba karatu.

Masu hangen ƙasar waje

A Ingila ma akwai wannan tsari, kuma can ya fi shahara. Digirinsu shekara uku ne, domin ɗalibansu sai sun kai aji na 13 kafin jami'a, mu kuwa shekara 12 muke yi daga firamare zuwa ƙarshen sakandare. Shi ya sa jami'o'insu da dama ke neman mai WAEC ya fara yin shekarar share fage, karatun ya zama shekara huɗu. Sai dai da fam ake biya, ɗalibin waje ya fi ɗan ƙasa biya nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa shaidar share fagen wata jami'a a nan jami'ar ta fi aiki. Wanda ba shi da tallafin karatu ko gida mai ƙarfi, ya yi lissafi da kyau kafin ya sa rai.

Kafin a biya ko kwabo

Ka tabbatar kana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi da Fizis. Share fage na IJMB ba ya maye gurbinsu.

Ka zaɓi jami'ar tukuna, sannan ka duba kundin JAMB ka ga ko tana karɓar IJMB ko JUPEB, da darussan da take nema. Ba kowace ke karɓar duka biyun ba.

Ka san kwas ɗin da kake so. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu da ya ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa irin su kimiyyar kwamfuta, tsaron intanet, injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai. Kowanne da inda ya dosa.

Ka je makarantar da ƙafarka tare da wani babba, ka ga azuzuwa da ɗakin gwaji, ka tambayi ɗaliban bara.

In da hali, ka sake rubuta UTME a shekarar. Wanda ya samu ƙofa biyu ya fi mai ɗaya kwanciyar hankali.

Hutun da ya wuce na rubuta wa Baba 'yar ƙaramar manhaja da ke riƙe masa lissafin bashin shago. Ya jujjuya wayar, ya duba sunan wani da ya manta yana binsa kuɗin buhun sukari, ya yi dariya ya ce: "Ashe shekarar ta yi." Ƙanwata ce ke aji shida bana, ita ma kwamfuta take so. Na riga na miƙa mata littafin Lissafin aji huɗun nan, na ce ta fara tun yanzu. Ku ma da ke shirin zama jarrabawa, Allah ya ba da sa'a.