Na'urar Matse Bututu Mai Aiki da Batir da Hanyoyin Kauce wa Haɗarinta

Gabatarwa

Idan aka zo batun sana'o'in Hausawa, ƙira da jima da saƙa da dukanci su ne ɗalibai suka fi yi wa rubutu. Wannan kuwa daidai ne, domin a cikinsu ake samun tsofaffin kalmomi da al'adun da ake tsoron ɓacewarsu. Amma sana'a ba ta tsayawa wuri ɗaya, harshe kuma bin sana'a yake yi duk inda ta nufa. Saboda haka manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wata na'ura da masu aikin famfo suke haɗa bututun ruwa da ita, a faɗi yadda take aiki, sa'an nan a nuna wuraren da takan cuci mai ita. An ɗauki yankin Dingaya domin ya zama wurin misali. Littattafan da ke zuwa tare da na'urar da Ingilishi ko Jamusanci ake rubuta su, alhali yaron da zai riƙe bututun da hannunsa Hausa yake ji.

Ruwa da bututu a kudancin Jigawa

Dingaya mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwaram, maƙwabciyar Birnin Kudu, dukkansu a masarautar Dutse. Ƙasa ce ta duwatsu, kamar yadda Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, masu tsofaffin zane-zanen nan, suke shaidawa. Dutsen da ake gani a sama yana nan shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa samun ruwa a nan ya fi wuya bisa ga arewa maso gabashin jihar, inda rairayi yake riƙe ruwa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, hukumomin ruwa da 'yan siyasa da masu hannu da shuni sun yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse. Daga baya aka shiga sa musu injin sola da tanki a sama, a ja bututu zuwa masallaci da makaranta da asibiti. Ta haka aikin famfo ya zama sana'ar ƙauye, ba ta birni kaɗai ba.

Yawancin aikin da ake yi a yankin da bututun roba ake yin sa. Wani a shafa masa gam a zura, wani kuma, wanda ake kira PPR, sai an gasa bakinsa da ƙarfe mai zafin digiri 260 kafin ya manne. Akwai kuma bututun ƙarfe da ake yanka wa zare a ɗaure da sifana. Na'urar matsi ba ta aiki a kan bututun gam ko na gashi. Nata bututun shi ne na jan ƙarfe, da na ƙarfen da ba ya tsatsa, da wani mai hawa uku, watau roba ciki, roba waje, alminiyam a tsakiya. Ba ta yaɗu a karkara ba tukuna, domin tana da tsada, an fi ganinta wurin manyan 'yan kwangila. Amma 'yan kwangilar nan yaran gari suke ɗauka aiki, kuma kayan da ya shigo kasuwar Kano bai cika daɗewa bai iso Birnin Kudu da Sara ba.

Asalinta da yadda take aiki

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Larsson shi ya ƙago dabarar a wajejen ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin Mannesmann na Jamus ya karɓe ta, ya fara ƙera kayan a 1969. A 1995 kamfanin Viega ya fito da irin ta jan ƙarfe. Na'urorin farko da wayar lantarki suke aiki. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ne daga baya ya sauƙaƙa nauyinsu, har mutum ya iya hawa tsani da na'urar a hannu ɗaya.

Siffarta kamar ta awartakin maƙeri ce, sai dai an yi mata gangar jiki da kunama irin ta bindiga. Ƙarafa biyun da ke bakinta za mu kira su muƙamuƙi, ana cire su a sauya gwargwadon kaurin bututu, wata 'yar sakata ce take riƙe su. Guntun da ke haɗa bututu biyu, wanda masu aikin suke kira soket ko elbo, za mu kira shi mahaɗi. A cikin kowane mahaɗi akwai zoben roba. Idan aka zura bututu a mahaɗi, aka ɗora muƙamuƙi aka danna kunama, sai ƙarfen mahaɗin ya lanƙwashe ya rungumi bututun, zoben kuma ya toshe hanyar ruwa. Duk wannan cikin daƙiƙa kaɗan, ba wuta, ba hayaƙi, ba warin gam, ba janareta. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar hunturu a gidan da ke da dangar kara ya san darajar aikin da ba a kunna wuta a cikinsa.

To, a nan ne matsalar take. Kayan aikinmu na dā suna sanar da haɗarinsu da kansu. Wutar maƙera tana da zafi da haske, gatari yana da kaifi, injin walda yana tartsatsi, kuma yaro yakan shekara yana zuga kafin a ba shi guduma. Ita kuwa wannan na'ura ana iya koyon danna ta a wuni ɗaya, ƙararta kuma ba ta da yawa a kunnen wanda ya saba da janareta. Amma ƙarfin da babbar take turawa ya kai kilonutan 32, watau kwatankwacin nauyin buhun siminti 65 a tattare wuri guda. Ƙananan ma sukan kai 19 ko 24. Abin da yake lanƙwasa ƙarfe haka, ba sai an faɗi yadda zai yi wa ƙashin yatsa ba.

Muƙamuƙi

Ka'ida ta farko ita ce a cire batir kafin a taɓa muƙamuƙi, ko don sauya shi, ko don goge shi, ko don miƙa wa wani na'urar. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin na'urorin an yi su ne yadda idan matsi ya kai wani matsayi, ko an saki kunama ba za su tsaya ba sai sun ƙarasa. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin kada a sami haɗi mai rabin matsi. Akwai wani maɓalli na daban da ke sakin matsin in an shiga uku. Wajibi ne maigida ya nuna wa kowane yaronsa wannan maɓalli tun ran farko, kafin ma ya nuna masa kunama.

A ganina wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaron da ke riƙe bututu, domin hannunsa yana kusa da bakin na'urar, kunamar kuwa tana hannun wani. A cikin rami ko lungun banɗaki, mai dannawa ba lalle ya ga hannun yaron ba. Masu ginin rijiya suna da kiran da na ƙasa yake yi wa na sama kafin a ja guga, ba a motsa igiya sai an ji shi. Irin wannan ya kamata masu famfo su ɗauka: maigida ya ce “Hannu!”, kada ya danna sai yaro ya amsa “Na ɗauke, maigida.” Haka nan babbar riga da hannun jamfa mai faɗi ba kayan wannan aiki ba ne.

Shi kansa muƙamuƙin yana gajiya. Ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, ƙarfe mai tauri kuwa ba ya lanƙwasa in ya gaji, fashewa yake yi, ɓarɓashinsa ya yi tsalle. Shi ya sa ake sa tabarau, kuma ba a yarda wani ya tsaya daidai bakin na'urar ba. Abubuwan da ke jawo fashewar su ne a ɗora shi a karkace, ko a bar sakatar ba ta shige duka ba, ko tsakuwa ta maƙale a ciki. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da maiƙo takan daskare a kwarmin muƙamuƙi ta hana shi rufewa sosai, don haka a goge shi kullum bayan aiki, a ɗaga shi a rana a duba ko akwai tsaga.

Idan an ga tsaga fa? Mu mutane ne masu gyara, kuma abin yabo ne. Garma ta karye a kai wa maƙeri, keke ya tsage a kai wa mai walda. Amma wannan ƙarfe ba ya gyaruwa. Zafin walda yana kashe taurin da aka yi masa a masana'anta, gogewa da magagari kuma tana ɓata awon kwarminsa. Muƙamuƙin da aka yi wa walda zai koma aiki kamar lafiya lau, ya bari sai yana tsakiyar matsi ya tarwatse. Yar da shi za a yi, ko da kuwa sayen wani yana nufin tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kano.

Haɗin da bai matsu ba

Wannan haɗari ba ya fitar da jini, amma yana rushe katanga, musamman ta ƙasa. Kowane irin mahaɗi yana da irin muƙamuƙinsa, ana rubuta alamar a jikinsu, kamar M ko V ko TH ko U. Kauri ɗaya bai isa ba, sai alamar ta dace. Wanda ya matsa mahaɗin V da muƙamuƙin M zai ga ya kama, amma zoben bai zauna daidai ba, yoyo yana nan tafe. Launin zoben ma magana ne: baƙi na ruwa ne, rawaya na iskar gas, ba a musanya su.

Kafin matsi, a rufe ruwa a sauke ƙarfinsa. Danshi ba ya hana aikin, amma ba a yanka bututun da ruwa yake tunkuɗa. A yanka da mayanki mai 'yar ƙafa domin bakin ya miƙe, a kankare kaushin ciki da na waje, in ba haka ba kaushin zai yage zoben a ɓoye. Sa'an nan a auna zurfin mahaɗin a yi alama a jikin bututu, yadda in ya zame kafin a danna za a gane. In bututu ya ƙi shiga, da ruwa za a jiƙa shi. Kada a shafa baƙin mai ko giris, domin robar baƙin zoben kumbura take yi ta lalace idan man inji ya taɓa ta. In kuma akwai walda a kusa, a gama ta tukuna, zafi yana ƙona zobe.

Babban abin tsoro shi ne mantuwa. Mahaɗin da aka zura ba a matsa ba, a ido kusan ɗaya yake da wanda aka matsa, kuma zoben zai iya riƙe ruwa na ɗan lokaci. Wasu kamfanoni, kamar Viega, sun yi mahaɗansu yadda za su yi ɗigo lokacin gwaji in ba a matsa ba. Sai dai wannan dabara tana son ƙarfin ruwa ya kai ma'aunin bar 1. Ruwa kuwa sai ya sauko daga tsawon mita 10 yake ba da bar 1. Ke nan tankin da ke kan ƙarfe mai mita 6 bai kai ba, wanda ya buɗe shi ya ga ba ɗigo bai gwada komai ba. Sai an nemo famfon gwaji na hannu, an tura ruwa da ƙarfi, an zuba wa allurarsa ido, kafin a rufe rami ko a yi shafe. Abu mafi arha shi ne a yi wa kowane haɗi alama da alli da zarar an matsa shi.

Game da hawa tanki, ba sai an tsawaita ba: a ɗaure na'urar da igiya, kada kowa ya tsaya ƙasa, a kuma tuna cewa allon sola yana ba da wuta muddin rana tana dukansa, ko an kashe injin.

Batir da zafin bazara

An yi batirin litiyam ne a riƙa yi masa caji tsakanin digiri 0 da 45, wasu kamfanoni ma a 40 suke tsayawa. A watan Afrilu kuwa zafin inuwa a wannan yanki yakan kai 40 ko ya haura, balle cikin shagon kwano ko akwatin babur da ke ajiye a rana. Batirin da aka cire daga aiki da tsakar rana aka sa a caji nan take, an haɗa masa zafi biyu. A bar shi ya huce a inuwa, a yi cajin da safe ko da almuru, da cajar da ta zo da shi, a kan siminti ko ƙasa, nesa da katifa da tabarma da jarkar fetur. Kada a sa shi a caji a kwanta barci. In da janareta za a yi, a bari wutar ta daidaita kafin a jona.

Kada a jefa batir cikin jaka ɗaya da ƙusoshi da sifana, domin ƙarfe in ya haɗa bakunansa biyu wuta ce. Wanda ya kumbura, ko ya fashe, ko ya faɗa ruwa, ko yake wani wari, ya gama aiki, ba a buɗe shi a sauya masa 'ya'yan ciki a wurin mai gyaran waya. In ya kama da wuta, hayaƙinsa guba ne, a kori yara, a yi ta kwara masa ruwa mai yawa daga nesa, a bar shi a fili har kwana, domin yakan mutu ya sake tashi. Mataccen batir kuma ba a zuba shi a juji. Jujinmu ƙona shi ake yi, abin da ya rage a kwashe a kan jaki ko amalanke a kai gona taki kafin damina. A liƙe bakunansa da salatif, a ajiye shi a busasshen wuri da yara ba sa kaiwa, har a sami mai zuwa Dutse ko Kano ya mayar wa dillalin da ya sayar da shi.