Ƙosai, Masa da Fanke: Makarantar Farko ta Mai Bishara

'Yan'uwa cikin Almasihu, idan ikkilisiya ta aiki mai bishara sabon wuri, mukan tanadar masa Littafi Mai Tsarki da wurin kwana. Akwai kuma darasin da ya kamata mu koya masa: ya san inda mutanen gari suke karya kumallo.

Mu ɗauki Talata Mafara, Bakura da Maradun a Jihar Zamfara. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, tana ba manoman yankin ruwan noman rani, musamman na shinkafa. Da shinkafa ake yin masa: a jiƙa, a markaɗa, ƙullun ya kwana ya tashi, a soya a tanda. Ƙosai daga wake ne, fanke kuma daga fulawa da yis da sukari. Da sassafe, manomi da ɗan acaɓa da ɗan makaranta duk a gaban kasko ɗaya suke haɗuwa. A nan baƙo zai ji yadda ake gaisuwa da harshen Zamfarawa, ya ji wa aka yi wa rasuwa, wa aka yi wa haihuwa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Baƙon da ba a san shi ba, zargi ne ke binsa. Wanda ya fara gaida mai unguwa, aka kuma saba ganinsa kullum yana sayen ƙosai da koko, ya zama ɗan gari. A Luka 10:7-8, Ubangijinmu ya umarci waɗanda ya aika su ci abin da aka sa a gabansu. Cin abincin mutane girmama su ne.

Amma akwai ladabi. Mata ne suka fi yin suyar, wasu daga cikin gida, yara suna kai talla. Namiji ya saya, ya gaisa, ya wuce. Zumunci da mai ƙosai aikin uwargidansa ne. Ya biya nan take, domin jarin ƙarami ne, bashin kwana biyu yakan kashe shi. A watan azumi kada ya ci a bainar jama'a. Idan maƙwabta suka aiko da ƙosai da kunu lokacin shan ruwa, ya karɓa da godiya, kada kwanon ya koma wayam. Ranar Kirsimati ma, fanke da masa sukan shiga gidan maƙwabci Musulmi ba tare da tambayar wa ya yi yanka ba.

Idan matar mai bishara za ta yi suya don taimakon gida, hakan daidai ne, gama Manzo Bulus ma ya yi sana'ar tanti a Koranti. Sai dai kada ta kafa kasko kusa da gwauruwar da ke ciyar da marayu da nata.

Mu kuma kiyaye zuciyarmu. Ciniki da gaisuwa ba tarko ba ne. Mutane sukan gane wanda yake ƙaunarsu da wanda yake farautarsu. Mu zama maƙwabtan kirki, ko sun saurari bishara ko ba su saurara ba. Ranar da aka tambaye mu dalilin begenmu, mu amsa da tawali'u, yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar.

Ubangiji ya kiyaye bayinsa da ke hidima a Zamfara, ya ba ƙasar salama. Amin.