Kumburin Bututun Matsarmama: Abin da Kan Biyo Bayan Tiyata

Akwai jariran da ake haifa da kumburi a bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Bututun kan buɗe ya zama jaka, ruwa ya taru a ciki ya ƙi gudu. An fi samun cutar a Japan da maƙwabtanta na Gabashin Asiya, kuma ta fi kama mata, wajen uku zuwa huɗu ga namiji ɗaya. Likitan Japan Todani ne ya kasa ta gida biyar a 1977, kuma da rabonsa ake aiki har gobe.

Da can akan bar jakar a inda take, a huda ta a haɗa da hanji don ruwan ya samu mafita. Ciwo kan lafa, amma da shekaru suka ja sai aka ga cutar kansa tana tsirowa a bangon jakar. A yawancin masu cutar, bututun matsarmama da na fankiriyas kan haɗe tun kafin su shiga bangon hanji, sai ruwan fankiriyas mai narkar da abinci ya riƙa komawa sama yana cin bangon bututun. Babbitt ne ya kawo wannan bayani a 1969. Shi ya sa yau ake cire jakar ɗungurungum har da matsarmamar, a jawo reshen ƙaramin hanji a ɗinke da bututun hanta, bisa dabarar da ke ɗauke da sunan César Roux, likitan birnin Lozan.

Aikin yana da kyau, kuma akasarin yaran kan tashi lafiya lau. Sai dai wurin ɗinkin nan shi ne abin lura. Tabo kan yi ta matse shi a hankali, wani lokaci sai bayan shekara goma ko ashirin. Idan ya tsuke ruwa ya tsaya, tsakuwa ta taru cikin hanta, ƙwayoyin cuta daga hanji su haura sama, tunda ƙofar da Allah ya yi don tare su ba ta kan hanyar yanzu. Alamun uku ne: zazzaɓi mai rawar ɗari, shawara, da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. A ƙasarmu nan ne haɗarin yake, don zazzaɓi mai rawar ɗari sunansa maleriya, shawara kuwa jiƙo ake nema mata. Wanda aka taɓa yi wa wannan aiki bai da lokacin gwaje-gwajen nan. Cutar na iya shiga jini cikin kwana kaɗan, in kuma toshewar ta daɗe hanta ta ƙandare. Masu kashi na huɗu a rabon Todani, waɗanda kumburin ya shiga har cikin hanta, su suka fi fama da wannan.

A ƙasan bututun ma akan bar baya da ƙura. Gindin jakar yana nutse cikin fankiriyas, likita kuma na tsoron yankar bututunta, sai ya bar ɗan guntu. Guntun kan tara daskararren furotin ko tsakuwa, ya jawo kumburin fankiriyas mai zuwa yana dawowa. Akwai kuma toshewar hanji saboda mannewar tabo, kamar kowace tiyatar ciki.

Kansa fa? Cire jakar ya rage haɗarin ƙwarai, amma bai share shi ba. Tana iya fitowa a wurin ɗinkin, ko cikin hanta, ko a guntun da aka bari, shekaru da dama bayan aikin, musamman ga wanda sai da ya girma aka yi masa. Don haka likitoci ke cewa bibiya ta tsawon rai ce: gwajin jinin hanta da hoton ciki lokaci-lokaci, ko da mutum garau yake.

A ganina gibin da ya fi kowanne ba a ɗakin tiyata yake ba. An yi wa yarinya aiki tana shekara biyu, likitan yara ya sallame ta, ta girma ta yi aure a wani gari, ba abin da ta sani sai tabo a ciki. Ran da shawara ta kama ta, sabon likita na bukatar sanin yadda aka juya hanjinta, domin na'urar da ake zurawa ta baki a buɗe bututu ba ta isa wurin ɗinkin da sauƙi. Sai doguwa ta musamman, ko a bi ta fata a ratsa hanta. Iyaye su nemi rubutaccen bayanin aikin tun ranar sallama, su adana, su miƙa mata idan ta yi hankali.